Maigidana ya riƙe katin albashina, ya ce haka Littafi ya ce

Mama, gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ni nas ce a wani asibitin gwamnati a kudancin Kaduna, shekararmu 11 da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana direba ne, da yana jigilar fasinja tsakanin Kafanchan da Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai aikin ya ja baya, daga baya injin motar ya buga, ya sayar da ita. Yanzu sai ɗan buga-buga. Bara ya karɓi katin ATM ɗina da lambar sirrin, ya ce shi ne kan gida, kuɗin gida kuwa a hannun maigida yake zama. Ko kuɗin mashin zuwa aiki sai na roƙa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifiyata. Gwauruwa ce, tana fama da hawan jini, ni ce babbar 'yarta, da ni nake aika mata kuɗin magani duk wata. Ya hana, wai an rubuta mutum zai rabu da uwa da uba. Shi kuwa yana aika wa nasa iyayen. Sai na fara taimakawa a wani kemis ranakun hutuna, ina aika mata abin da na samu a ɓoye, ina ce masa ina wurin aiki. Da ya gane muka yi faɗa, har na ce masa a gaban yara da kuɗina yake cin tuwo. Bai doke ni ba, amma ya buga wayata da bango, ya kulle ƙofa, ban je aikin dare ba. Na kai kuka wurin Mama Fasto, matar fastonmu, ta karanta mini Afisawa 5:22, ta ce in yi haƙuri in ci gaba da addu'a. Ina tsoron Allah, ba na so in zama mai tayarwa. Shin na yi zunubi? In buɗe wani asusu a asirce?

Maman uku, daga kudancin Kaduna

'Yata, salama gare ki. Son da kike yi ki saya wa mahaifiyarki magani ba tayarwa ba ne, ba kuma zunubi ba. Umarni ne da Allah ya ɗora miki, zan nuna miki inda aka rubuta shi. Akwai abu biyu da kika yi waɗanda ba daidai ba, su ma ba zan ɓoye miki ba. Amma bari mu fara da ayar da aka karanta miki, tun da ita ce ta hana ki barci.

Mama Fasto ba ta yi miki ƙarya ba. Ayar tana nan, ni ma na gaskata ta, ba na cikin masu tsallake ta don ta yi musu nauyi. Bulus ya ce matan aure su yi wa mazansu biyayya kamar ga Ubangiji, ya ce miji shi ne kan mace kamar yadda Almasihu yake kan ikkilisiya. Matsalar ita ce an fara miki karatu daga aya ta 22, aka tsaya a ta 24. Ke da kike aikin asibiti kin san abin da ke samun majinyaci in aka ba shi rabin maganin da likita ya rubuta. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu mata da yawa a ajin baftisma suka koyi karatu don su riƙa duba shi da idonsu. Ki ɗauki naki yau da dare, ki fara daga aya ta 21, inda aka ce masu bi su yi wa juna biyayya saboda ganin girman Almasihu, ki bi har ƙarshen surar. Za ki ga ayoyi uku aka ware wa mata, sauran tara ɗin kusan duka da maza ake magana. Me aka ce musu? Su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta. Su ƙaunace su kamar jikinsu, domin ba wanda ya taɓa ƙin jikinsa, sai dai ya ciyar da shi ya kula da shi.

Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Maganar biyayya, da mace aka yi ta. Ba inda aka juya ga namiji aka ce masa, "Ka sa matarka ta yi maka biyayya." Ki bincika Afisawa 5, da Kolosiyawa 3, da 1 Bitrus 3, ba za ki samu ba. Biyayya abu ne da mace take bayarwa da yardar zuciyarta saboda Ubangijinta. Abin da aka damƙa wa namiji ya yi shi ne ƙauna, da kada ya yi wa matarsa ɗaci, da ya zauna da ita da sanin ya kamata, yana girmama ta a matsayin abokiyar gādon alherin rai. Bitrus ya ƙara da gargaɗi mai ban tsoro, ya ce in ba haka ba addu'ar mutum za ta toshe. Don haka duk namijin da ya haddace ayar matarsa ya manta tasa, wasiƙar wani yake karantawa.

Shugabancin da Yesu ya koyar ma ya bayyana shi da bakinsa a Markus 10:42-45. Ya ce sarakunan al'ummai sukan nuna wa mutanensu iko, amma a cikinku ba haka zai zama ba, mai son zama babba ya zama bara. A daren da aka bashe shi ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya bi ƙafafun almajiransa ɗaya bayan ɗaya yana wankewa. Wannan ne kan da aka ce maigidanki ya yi koyi da shi. Matar da ta kwana tsaye a ɗakin majinyata, ta dawo ta tsaya bakin ƙofa tana roƙon kuɗin mashin daga cikin guminta, ba a yi mata irin wannan shugabanci ba.

To, batun kuɗi a hannun mace fa? Duk shekara a makon Zumuntar Mata ana karanta Karin Magana 31, mu sha anko, mu buga tulu da kacau-kacau, a yi wa'azin mace tagari. Amma sau nawa aka tsaya a aya ta 16? Matar nan takan duba gona, ta auna, ta saya. Da ribar hannunta take dasa inabi. Tana saƙa tufafi tana sayarwa, tana kai wa fatake ɗamara. Tana buɗe hannu ga matalauta. Mijinta kuwa zuciyarsa ta amince da ita, kuma ana girmama shi a ƙofar gari cikin dattawa. Wato kasuwancinta bai rage masa daraja ba ko kaɗan. Surar ta ƙare da cewa a ba ta daga amfanin hannuwanta. A Luka 8 an ambaci Maryamu Magadaliya, da Yuwana matar Kuza wakilin Hirudus, da Suzana, da waɗansu mata da yawa da suke ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga dukiyarsu. Lidiya, mutuniyar Tayatira, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya, a gidanta masu bi na Filibi suke taruwa. Bilkisu da mijinta Akila sana'a ɗaya suke yi, ɗinkin tanti, kuma tare suka ja Afolos mai wa'azi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah.

Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne. 'Yan mishan da suka dasa ikkilisiyoyinmu ne suka kafa asibitoci irin na Vom da na Garkida da Evangel na Jos, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, suka koya wa 'yan mata aikin jinya. Majami'u nawa aka gina da ruwan da matan zumunta suka ɗebo a ka, da hatsin da suka tara mudu-mudu? Akwai muhawara a kan ko mace za ta zama fasto, ECWA alal misali ba ta naɗa mata, waɗansu ikkilisiyoyi kuwa suna naɗawa. Wannan maganar bagadi ce. Ba ta shafi ko mace za ta riƙe katin albashinta ba.

Yanzu mu zo kan mama. Ayar da maigidanki ya kawo tana Farawa 2:24, kuma in ana bin kalma da kalma ne, namiji aka ce zai rabu da mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa. Shi da kansa ya san rabuwar nan ba yasar da iyaye ba ce, shi ya sa yake aika wa nasa, kuma daidai yake yi. Ma'anarta ita ce an kafa sabon gida, ba iyaye ne za su riƙa juya shi ba. Dokar girmama uwa da uba kuwa ba ta ƙarewa ranar ɗaurin aure, kuma ba 'ya'ya maza kaɗai aka ba ta ba. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsawata wa Farisiyawa da zafi, domin sun koya wa mutum ya ce wa iyayensa abin da zai taimake su da shi ya riga ya keɓe wa Allah, da haka suka hana shi yi musu kome. Ya ce sun soke maganar Allah da al'adarsu. In keɓewa ga Allah ma ba hujja ba ce ta barin uwa cikin rashi, yaya za a yi wata aya ta zama hujja? Sannan ki buɗe 1 Timoti 5. Aya ta 4 ta ce in gwauruwa tana da 'ya'ya ko jikoki, su fara koyon ibada a gidansu, su sāka wa iyayensu, wannan abin karɓa ne a gaban Allah. Aya ta 16 kuwa kamar da ke aka rubuta ta: in mace mai bi tana da gwauraye a danginta, ta taimake su, kada a nauyaya wa ikkilisiya. Bulus ɗin da ya rubuta Afisawa 5:22 shi ne ya rubuta wannan. Ubangijinmu ma yana rataye a kan gicciye bai manta da wanda zai riƙe mahaifiyarsa ba, ya damƙa ta ga almajirinsa Yahaya.

Kin fi ni sanin cewa maganin hawan jini ba a shansa yau a bari gobe. Kafin a gama sasanta wannan magana, ki kira ƙannenki ki gaya musu halin da ake ciki a taƙaice, ba tare da tone-tone ba, su riƙe maganin na wata ɗaya ko biyu. Kada tsohuwa ta faɗi ana jiran a gama muhawara.

Ina so kuma ki dubi mutumin nan da idon tausayi, ko da yake na san zuciyarki tana tafasa. Kafin ƙarshen watan Mayu na 2023 litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Direbobi da yawa sun durƙushe a wannan tsakani, ba don lalaci ba. Mutumin da ya saba shigowa da yamma da ledar burodi da tsire, yara su ruga su tare shi, yanzu yana zaune yana jin ƙarar alat a wayar matarsa. Ya kuma san 1 Timoti 5:8, inda aka ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni, wataƙila ayar tana cinsa a ɓoye. A ganina ba kuɗin ne kawai yake riƙewa ba, kunyarsa yake rufewa. In ya tsaya gaban mai POS ya zaro kati ya ciro kuɗi, ya biya kuɗin makaranta da hannunsa, sai ya ji har yanzu shi maigida ne. Wannan bai wanke shi ba. Amma in kin gane inda ciwon yake, za ki san inda za ki taɓa da inda za ki kauce.

Shi ya sa maganar tuwon nan ta yi muni. Kin soke shi daidai inda yake zubar da jini, kuma a gaban 'ya'yansa. Aya ta 33 ta Afisawa 5 ta ce mace ta ga girman mijinta, girman nan kuwa ba a kan abin da ke aljihunsa aka rataye shi ba. Ki roƙe shi gafara a kan wannan, tsakaninki da shi, sannan ki gyara a gaban yaran da suka ji. Ki roƙi gafara kuma a kan cewa da kika yi kina wurin aiki alhali kina kemis. Na san matsi ne ya kai ki, amma ƙarya ƙarya ce. Iyakar abin da za ki roƙi gafara a kai ke nan. Kada ki haɗa da taimakon mama, domin in kika nemi gafarar abin da ba laifi ba, kin sa hannu ke nan a kan cewa laifi ne.

Asusun asiri kuwa, ban ba ki shawararsa ba a halin da ake ciki yanzu. Ranar da ya gano, kuma zai gano, maganar za ta tashi daga kan abin da ya yi ta koma kan ɓoye-ɓoyenki, dattawa ma a nan za su tsaya. Ba ki ma bukatarsa. Asusun albashin nan da sunanki yake, da BVN ɗinki, banki ba ya san kowa sai ke. Duk ranar da kika shiga da katin shaidarki za a toshe tsohon kati a ba ki sabo. Ikon yana hannunki tun da can. Abin da nake so shi ne ki yi amfani da shi a fili, bayan kin yi magana, ba ta bayan gida ba.

Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ba ranar da albashi ya shigo ba. Ki fara da neman gafarar nan. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, ban raina ka ba, ban kuma ce kuɗin nan nawa ne ni kaɗai ba. Mu jiki ɗaya ne, abin da na samu namu ne, abin da ka samu ma namu ne. Amma ba zan iya ci gaba da roƙon kuɗin zuwa aiki ba, ba kuma zan iya barin mama ba magani ba, domin Allah zai tambaye ni. Ina so katina ya dawo hannuna, mu zauna mu tsara tare." Ki zo da takarda da biro, da takardar albashinki, kada ki ɓoye ko kwabo. Shi ma ya faɗi abin da yake samu, kome ƙanƙantarsa. Ku rubuta zakka da baiko, haya, kuɗin makaranta, cefane, kuɗin mota, sai iyaye, nasa da naki a layi ɗaya. Ku ware wa kowannenku ɗan abin da zai kashe ba sai ya ba da bayani ba. In da hali, ku sa wani layi na tara masa jari, ko na kafin alƙalamin Keke Napep ne, ko na biyan kuɗin sabunta lasisi don ya nemi tuƙi a wani wuri. Wannan layin zai gaya masa abin da baki ba zai iya ba, cewa kina so ya miƙe. Kuɗin makaranta kuwa, in yana so shi ya riƙa kaiwa, ki tura masa ya kai. Ba abin da zai rage ki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In ya ƙi ji, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya, kuma ta shafi miji da mata kamar yadda ta shafi kowane ɗan'uwa. Ki nemi mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, kamar wanda ya tsaya masa ranar aure, ko wani dattijo a Zumuntar Maza wanda kowa ya san yadda yake riƙe da gidansa. Namiji yakan karɓi magana daga bakin namiji ɗan'uwansa wadda ba zai karɓa daga matarsa ba. In wannan bai yi ba, sai Baba Fasto da dattawan ikkilisiya. Ki koma wurin Mama Fasto ma. Ina zaton ba ki gaya mata duka ba, mu mata mukan ce "muna ɗan samun saɓani" mu haɗiye sauran. Ki faɗa mata maganar kati, da ta magani, da ta waya, da ta ƙofa, ɗaya bayan ɗaya da ranakunsu. Ki roƙe ta ku karanta 1 Timoti 5:16 tare. Haƙuri da addu'a gaskiya ne, kada ki bar su. Amma in aka ce wa mutum ɗaya ya yi haƙuri ba a ce wa ɗayan ya tuba ba, ba a yi sulhu ba tukuna. In ikkilisiyarku ta tsaya a nan, kina da damar kai maganar ga shugabannin gunduma.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki na bar shi ƙarshe. Kin ce bai doke ki ba, kamar kina ba shi uzuri. 'Yata, fasa waya da kulle ƙofa ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa daga kan kaya ake farawa kafin hannu ya kai ga jiki. Ya kuma sa aikinki cikin haɗari, nas da ba ta zo aikin dare ba takardar tuhuma take jiranta, ban da majinyatan da aka bari. Kada ki ajiye aikin nan ko da an ce miki shi ne zai kawo zaman lafiya. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta lissafa tauye wa mutum dukiyarsa da tilasta masa dogaro da wani a cikin laifuffuka, haka ma hana shi walwala da lalata masa kaya don a baƙanta masa rai. Jihar Kaduna ta kafa tata a 2018. Ban faɗi wannan don ki ruga kotu ba, na faɗa ne don ki san cewa ko hukuma ba ta ɗauki abin a matsayin haƙƙin miji ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana sauraron irin wannan kuka, ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ma haka.

Ki kai takardun makarantarki da na ɗaukar aiki da na haihuwar yara wurin wadda kika amince da ita. Ki haddace lambar mutum biyu da za ki iya kira ko da tsakar dare ne. In kin ga alamar zaman nan da na ce ku yi zai iya tayar masa da hankali, kada ki yi shi ke kaɗai, ki fara da kiran dattijon. In kuwa ya sake kulle ki, ko ya ɗaga miki hannu, ki kwashi yaran ki tafi inda za ki tsira, daga can a yi maganar. A wannan hali shawarata a kan asusu ma ta canja, ki toshe katin a ranar ba tare da jiran izinin kowa ba. Fita don tsira da rai ba karya alkawarin aure ba ne. Abigail, a 1 Sama'ila 25, da ta ga taurin kan mijinta Nabal zai jawo wa gidan hallaka, ta tashi ta yi abin da ya kamata, Dawuda kuwa ya yabi Allah da ya aiko ta, ya sa wa hankalinta albarka.

Ina yi muku addu'a ku biyun, shi ma da sunan ɗa nake kai shi gaban Ubangiji. Ki sake rubuto mini bayan kun zauna, ki gaya mini abin da ya ce da kuma wanda kika samu ya shiga tsakani.